Mai Ciyar da Ƙasa Shi Ne Mai Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san watan Agusta da abu biyu: sanyin da ke busowa daga teku, da bikin Homowo na mutanen Ga, masu garin Ankara. Ina ɗan shekara tara ko goma wani kawuna mai sayar da goro ya tafi da ni Osu, muka yi kiciɓis da jerin gwanon bikin. Ga sarki da dattawa sanye da jan ƙyalle, ga masu bindigar toka suna ta ɓarin wuta, ga wata mata ɗauke da ƙaton akushi. Sarkin yana sa hannu yana ɗebo wani abinci mai kama da dambu, wanda suke kira kpokpoi, garin masara ne da aka turara aka cuɗa da manja, yana watsawa a ƙasa, a bakin ƙofofi da kan hanya. Na tambayi kawu dalilin da ya sa suke zubar da abinci. Ya ja hannuna ya ce, "Rabu da su, ƙasa suke ciyarwa. Mu ba ma yin haka." Bayan kwana biyu na ɗauki ruwan zafi na sheƙa a tsakar gida, sai kakata ta daka mini tsawa: "Kai, ba ka iya bisimilla ba ne? Ka san ko su wa ke kwance a wurin?" Na yi shekaru masu yawa ban haɗa maganganun nan biyu wuri ɗaya ba.

Kawu ya ɗan kauce, domin in ka tambayi mutanen Ga za su ce kakanninsu da suka shuɗe da abubuwan bautarsu suke ba abincin. Amma bai yi nisa da gaskiya ba. Kafin in ci gaba, bari in faɗa wa mai karatu cewa tarihi nake bi. Hukuncin yanka don wanin Allah sananne ne, malamai sun gama magana a kansa, ni ma a can na tsaya. Abin da nake so mu duba shi ne aikin da wannan al'ada take yi a tsakanin mutane, domin mu mutanen zango ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Abin da ya farkar da ni karatu ne a kan wasu mutane da ke can ƙetaren teku, a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. A nan daular Inka ta bunƙasa tun daga zamanin sarki Pachakuti, wanda ya hau mulki wajen 1438, har ta miƙe daga kudancin Kolombiya ta yau zuwa tsakiyar Chile. Babban birninta Kusko yana bisa tudun da ya kai mita 3,400. Addinin fada bautar rana ce, sarki ma ɗan rana ake ɗaukarsa. Sai dai talaka manomi yana da tasa uwar da ta girmi daular, wato Pachamama, Uwar Ƙasa. Wani limamin Kirista Basifaniye mai suna Bernabe Kobo, wanda ya kammala littafinsa a 1653, ya rubuta cewa manoma sukan kafa dogon dutse a tsakiyar gona, a nan suke roƙon ta albarkar shuka. Suna zuba mata giyar masara, suna ba ta ganyen koka da kitsen lama, wata dabba mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo. Shi kansa sarki, ɗan rana, ba ya tsallake ta. In Agusta ya kama, shi yake fara huda ƙasa a wata gona ta musamman a Kusko da wani abin noma da ake takawa da ƙafa, dangin sungumi, sannan sauran jama'a su shiga gonakinsu.

A 1532 Faransisko Pizaro ya kama sarki Atahuwalpa a Kahamarka, a shekarar da ta biyo ya kashe shi. Gidan bautar rana na Kusko aka kwashe zinariyarsa aka ɗora coci a kan harsashinsa. Bautar rana ta tafi tare da fadar da ke riƙe da ita. Uwar Ƙasa kuwa ba ta da fadar da za a rushe. Limaman coci sun bi ƙauyuka suna ƙone gumaka, har ɗaya daga cikinsu, Pablo Hose de Ariyaga, ya buga littafi a 1621 yana koyar da yadda za a tumɓuke tsafin, amma ba wanda zai iya tsare kowane manomi a kowace gona. Har yau, ran 1 ga Agusta, a Peru da Bolibiya da arewacin Ajantina, mutane na haƙa rami su zuba dafaffen abinci da giya da ganyen koka su rufe, saboda sun ce a watan nan ƙasa bakinta a buɗe yake, yunwa take ji. A kasuwar La Pas ana sayar da busasshen tayin lama domin a binne a harsashin sabon gida. Sunan da suke ba wannan aiki ma'anarsa biyan bashi. Suna da wani tsari na taimakon juna a gona da suke kira aini, kamar gayyarmu, kuma a wurinsu ƙasa ma tana cikin 'yan gayyar: ta yi maka aiki, dole ka rama mata. A 2008 Ekwado ta sa sunan Pachamama cikin kundin tsarin mulkinta, Bolibiya kuma ta yi dokar haƙƙin Uwar Ƙasa a 2010.

Wurin da na ajiye littafin na yi shiru shi ne inda na karanta cewa a takardun binciken limaman nan na ƙarni na 17, a yankin Kahatambo, an tarar mutanen ƙauye ɗaya sun kasu biyu. Akwai Huwari, manoma, waɗanda ke cewa kakanninsu daga ƙasar nan suka tsiro, su ke da duwatsun gona da hanyoyin ruwa. Akwai kuma Yakuwas, makiyaya da suka gangaro daga tudu daga baya, masu bautar tsawa. Suna auratayya, suna biki tare, amma kowa ya san wanda ya riga wani. Na ce a raina, ai wannan labarin gidanmu ne.

Mu koma Kano. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya buɗe ne da Barbushe a kan dutsen Dala da abin bautarsu Tsumburbura, wadda mazauninta wata bishiya ce da aka kewaye da ganuwa, ba mai shiga sai shi. Sau biyu a shekara yake saukowa, jama'a su taru da baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare, a yanka, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Da Bagauda ya zo, wajen 999 bisa lissafin da aka saba, ya samu sarauta, amma asirin wurin ya ci gaba da zama a hannun mutanen Dala, aka yi ta ja-in-ja tsakaninsu da zuriyarsa har ƙarni uku. Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya karɓi Musulunci a hannun Wangarawa aka gina masallaci a wurin bishiyar. Duk da haka, da ɗansa Kanajeji ya sha kashi a hannun Zazzau, tarihin ya ce komawa ya yi ya nemi shawarar masu tsafin, ya yi abin da suka ce. Sai zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sare bishiyar. Ko a nan ma ba a rabu da Bukar ba, aka haifi Habu. Aka samu Dirki, wani ƙunshi na fatu da ake yi wa yankan shanu in ƙasa ta shiga matsi. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya gaji da ba da shanu ya sa aka fasa shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka ce masa yadda ya fitar da shi haka za a fitar da shi daga ƙasar, ba a daɗe ba kuwa jihadi ya iso Kano. Ina ganin duk wanda ya rubuta wannan tarihi ya san abin da yake nunawa: takobi yana ba mutum mulkin jama'a, amma jama'a ba sa sakin jiki sai sun ga an sallami ƙasar da suke takawa.

Ita Uwar Ƙasa ta Hausawa tana da suna. Maguzawan karkarar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna cikinsu ya fitar da littafi a kansu a 1946, suna da Inna, wadda ake kuma kira Uwar Gona. Ita ke tsaron amfanin gona, wanda ya saci hatsin da aka damƙa mata cikinsa ya kumbura. Kowane iska da launin dabbar da yake so, maigida kuma shi ke yanka a madadin gidansa kafin shuka da bayan girbi, a zuba jinin a gindin bishiya ko kan dutse, mutane su cinye naman. A Masalata kusa da Birnin Ƙonni, Azna suna yin buɗin daji kowace shekara, a duba abin da damina za ta kawo. A ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi kuwa abin ya fito fili ƙarara: sarauta tana hannun zuriyar da ke cewa daga Barno ta zo, amma hulɗa da iskokin ƙasa tana hannun 'yan ƙasa, su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Sarauniya Mangu da ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899, wadda aka yi littafi da fim a kanta, wannan kujera take kai. Ko labarin Daura in ka sake kallonsa haka yake: baƙo ne ya zo da takobi ya kashe macijin rijiyar Kusugu, amma bai zama kowa ba sai da ya auri matar da ke da garin.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa sun yaƙi waɗannan al'adu da alƙalami kafin 1804 da kuma bayanta. Yanka ga duwatsu da itatuwa yana cikin manyan tuhumomin da Muhammadu Bello ya jera a wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Alkanemi na Barno. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro 'ya'yan wannan gyara ne. Sun baro Uwar Gona a baya tun kafin su ɗaura wa jaki kaya, kuma ko ba don addini ba, falke ba shi da gona. Abin da yake da shi zango ne, wurin sauke kaya a kwana a tashi. Sunan da muke amsawa ke nan har yau.

To, ƙasar da suka sauka a cikinta tana da nata masu ciyarwa. A arewacin Gana, wurin Dagwamba da Talensi da Farafara, akwai tindana, mai ƙasa, daban da sarki. Shi ke yanka in an zubar da jini a ƙasa, shi ake nema in za a sari sabuwar gona. A Dagwamba ma ana ba da labarin Na Nyagse, wanda ya bi ƙauyuka yana kashe tindanoni yana naɗa 'ya'yansa da danginsa, amma muƙamin bai mutu ba. Tonawa suna da Asase Ya, ƙasa mace wadda ranarta Alhamis ce, ba a noma a ranar, kuma ba a haƙa kabari sai an zuba mata abin sha an nemi izini. Fanti suna ce mata Asase Efuwa, tasu ranar Juma'a ce. Su kuwa mutanen Ga manyan abubuwan bautarsu na ruwa ne, Nai na teku, Sakumo, da Korle ta tafkin da ke yammacin tsohon gari, kowanne da limaminsa da suke kira wulomo. Su ke shuka hatsin tsafi a watan Mayu, daga nan a hana kiɗa da hayaniya wata guda domin shukar ta samu natsuwa. Wannan hani ya taɓa jawo faɗa da wasu coci-coci a 1998, kuma sanarwar hukumar birni takan haɗa da lasifikan da ke wajen masallatai. Mu dai a zango mukan yi gunaguni mu rage murya, wasu ma ba sa ragewa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk wasan gargajiya ne na masu yawon buɗe ido. A shekarun 1950 an yi doguwar shari'a a kan filayen Kokomlemle, maƙwabtan Nima, har aka ɗaukaka ƙara zuwa Ingila. Abin da aka tabbatar shi ne limamin Korle shi ne mai kula da filayen, kuma ba a sayar da su sai da yardar kujerun Ga da Gbese. Wato alƙalai masu hular gashi sun zauna sun karɓi cewa mai zuba wa ƙasa abin sha yana da ta cewa a kan wanda zai gina a kanta. Hadaya a nan takardar fili ce, wadda ake sabuntawa kowace shekara a gaban shaidu.

Ta wannan ƙofa unguwanninmu suka shigo. Zangon farko na tsakiyar Ankara ya kafu a ƙarshen ƙarni na 19, da malamai da fatake da tsofaffin sojojin Hausa da Turawa suka yi yaƙin Kumasi na 1874 da su, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙaro wasu. Malam Baƙo ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 a filin da sarakunan Ga suka ba shi. Nima kuwa wajen 1931 Malam Amadu Futa, mai harkar shanu, ya samu izinin zama a wurin daga gidan Odoi Kwao na Osu. Al'adar neman fili a wannan ƙasa ita ce a kai wa masu shi abin sha da tunkiya da ɗan kuɗi, a arewa kuma goro. Musulmi yakan ba da kuɗin ya kau da kai, masu ƙasa su yi abin da suka saba. Kowa ya fita da addininsa lafiya, kuma wannan dabara ta zaunar da mu da maƙwabtanmu kusan shekara ɗari ba tare da an zub da jini a kan akida ba, abin da garuruwa da yawa a Najeriya ba za su iya faɗa ba. Amma tana da farashi. Duk wanda wani ke yin magana da ƙasa a madadinsa, an riga an rubuta shi a layin baƙi, ko da a ɗakin nan aka haifi kakansa.

An biya farashin a 1969. Ran 18 ga Nuwamba gwamnatin Kofi Abrefa Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubun dubatar mutane suka bar Gana a manyan motoci, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin Katsina ko Sakkwato ko Dosso da ake cewa su koma ba. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Dalilan da gwamnati ta bayar na tattalin arziki ne, kuma ban ce tsafi ya kore su ba. Sai dai akwai abin lura: Busia masanin zamantakewa ne, littafinsa na 1951 a kan sarauta a ƙasar Tonawa ya yi bayanin yadda ƙasa take ta kakanni, da matsayin Asase Ya. Ya san sarai abin da ke raba ɗan ƙasa da baƙo a tunanin mutanensa, kuma da aka zo neman wanda za a ɗora wa laifin matsin tattalin arziki, ba a sha wahalar nuna unguwannin ba. Najeriya ta rama a 1983 a zamanin Shagari, ta kori 'yan Gana kusan miliyan guda, abin kunyar da har jaka ya bar wa suna. Yau Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon gwamnatin Gana ke labarai da su, an ma yi wa zanguna ma'aikata a 2017, amma har yanzu ɗan Nima in ya je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa ya ce garinsu Nima, ba mamaki a sake tambayarsa, "To, asali fa?"

Na daɗe ina tunanin ko mun bar wani abu da ke ɗaure mu da ƙasar nan, tunda mun ƙi na masu gari kuma mun yar da na kakanninmu. Da na duba da kyau sai na ga ragowar tana nan, ta sa rigar Musulunci. Mai sabon gini yakan yanka rago a yi sadaka kafin a tare, wani ma a binne masa laya a kusurwoyi huɗu, ko da yake malaman Sunna suna faɗa da wannan. Tsofaffi mata suna raba wa yara waina ko gumba ranar Juma'a. Ga bisimillar ruwan zafi ta kakata, wadda malami zai ce don aljanu ce, kuma haka ne, amma Bamaguje da mutumin Kahatambo duk za su gane abin da take nufi: akwai waɗanda suka riga ka zama a wurin. Sai kuma maƙabartu, inda muka ajiye iyaye da kakanni jere-jere. Sai mabiyiya da cibiya. Bahaushe in yana so ya nuna asalinsa cewa yake nan aka binne cibiyata, kuma a Nima akwai gidajen da suka binne ta zuriya huɗu.

Bara 'yar yayata ta haihu a wani asibiti, aka ba mu mabiyiyar a leda muka taho da ita gida. Gidan haya ne irin na Nima, ɗakuna goma sha biyu, tsakar gidan an shafe ta da siminti tun daga bakin zaure har bayi, ko tafin hannu na ƙasa babu. Wata maƙwabciya ta ce a jefa a babban gota kawai, ai kowa haka yake yi yanzu. Yayata ta ce ba da jikanta ba. Aka aiko wani yaro da diga ya fasa simintin a lungun bayan ɗakinta, tsofaffin mata biyu suka wanke ta suka naɗe a farin ƙyalle, suka kore mu maza, suka yi bisimilla suka rufe. Da mai gidan ya zo karɓar haya ya ga wurin, ya yi faɗa sosai, sai da muka saya masa rabin buhun siminti muka biya magini.